Daga Bariki Zuwa Fadar Aso Rock: Tambayoyinku Kan Mulkin Obasanjo da Buhari

Sau biyu tun 1999 'yan Najeriya suka zaɓi tsohon janar da ya taɓa mulkin soja: Olusegun Obasanjo daga 1999 zuwa 2007, da marigayi Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023. Masu karatu sun aiko mana da tambayoyi a kan yadda kowannensu ya riƙe ƙasar bayan ya cire kaki. Teburinmu na siyasa da shari'a ne ya amsa.

TAMBAYA: A 1984 Janar Buhari magana ɗaya yake yi ƙasa ta ɗauka, har layi muka koyi bi a tasha. Da ya dawo a 2015 sai ya zama kamar an ɗaure masa hannu. Tsufa ne, ko kuwa tsarin ne ya hana shi? (Malamin makaranta, Funtuwa)

AMSA: Malam, shekaru suna da nasu rabo, amma babban bambancin yana wajen yadda ake yin doka. A mulkin soja abu na farko da ake yi shi ne jingine sassan kundin tsarin mulki da rusa majalisa. Daga nan Majalisar Ƙoli ta Soja ce take yin doka, ita ce kuma take aiwatarwa. Ma'aikatar shari'a ta rubuta, shugaba ya sa hannu, a buga a jaridar gwamnati, shi ke nan. Sau da yawa a cikin dokar ake saka sharaɗin cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kanta. Da haka aka yi Doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba Janar Tunde Idiagbon ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, kuma a sabunta. Da haka aka yi Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda.

A ƙarƙashin tsarin mulkin 1999 hanyar ta yi tsawo. Ƙuduri zai sha karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a dawo a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. Sannan ya tsallaka ɗaya majalisar ya sake bin wannan zango. In abin da Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ta amince da shi ya saɓa da na Majalisar Wakilai mai kujeru 360, ko da a jimla ɗaya ce, sai an kafa kwamitin daidaitawa. Bayan haka Akawun Majalisa ya aika wa shugaban ƙasa, shi kuma sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa suna iya tsallake shi. An yi wa Obasanjo haka a shekarar 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta.

Don ka ga tsawon tafiyar, dokar gyaran harkar man fetur ta fara shiga majalisa a 2008, ba a sa mata hannu ba sai 16 ga Agustan 2021. Gyaran dokar zaɓe kuwa sau huɗu Buhari yana mayar da shi a 2018, sai 25 ga Fabrairun 2022 aka samu sabuwar doka. Aikin shugaban farar hula a nan shi ne ya san yawan ƙuri'un da yake da su kafin a kaɗa, ya san wane shugaban kwamiti ne ya danne takarda da kuma dalilinsa, ya kira shi su zauna. Horon bariki bai koyar da wannan ba. Can in ka ba da umarni an gama, a nan kuwa umarnin shi ne mafarin aiki.

TAMBAYA: Me ya sa aka yi ta surutu don Buhari ya yi wata shida bai naɗa ministoci ba? Ai manyan sakatarori suna nan suna aiki. (Ma'aikaciyar gwamnati, Kaduna)

AMSA: Hajiya, suna nan, amma akwai iyakar da ba sa wucewa. Babban sakatare yana biyan albashi, yana tafiyar da ofis. Ba ya zama a Majalisar Zartarwa a matsayin mamba, kuma babbar kwangila ko sabon tsari sai majalisar ta amince. An rantsar da Buhari 29 ga Mayun 2015, jerin sunaye na farko ya isa Majalisar Dattawa a ƙarshen Satumba, aka rantsar da ministoci 36 ranar 11 ga Nuwamba. A daidai wannan tsakanin farashin ɗanyen mai yake faɗuwa, ƙasa kuma ba ta da ministan kuɗi. Kasafin 2016 bai samu sa hannu ba sai 6 ga Mayun shekarar, a shekarar ce kuma tattalin arziki ya shiga karaya. Ba jinkirin kaɗai ya jawo karayar ba, amma ya cinye watannin da ya kamata a yi shiri.

Sashe na 147 ya ce dole kowace jiha ta samu minista aƙalla ɗaya, kuma Majalisar Dattawa ta tantance. A da babu wa'adi. A watan Maris na 2023 Buhari da kansa ya sa hannu a gyaran da ya wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunaye cikin kwana 60.

TAMBAYA: Ana cewa Obasanjo ya murƙushe majalisa, shi kuma Buhari majalisa ce ta murƙushe shi a zangon farko. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya ake tsige shugaban ƙasa? (Ɗalibin kimiyyar siyasa, Kano)

AMSA: Duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma a nan aka fi ganin bambancin halin mutanen biyu. Obasanjo ya sa hannu dumu-dumu a zaɓen shugabannin majalisa. Cikin shekara takwas Majalisar Dattawa ta yi shugabanni biyar: Evan Enwerem, Chuba Okadigbo, Anyim Pius Anyim, Adolphus Wabara da Ken Nnamani. Amma cewa ya murƙushe ta ya yi yawa. A watan Agustan 2002 Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta ba shi mako biyu ya sauka ko a fara tsige shi, tana zarginsa da ƙin aiwatar da kasafi yadda aka zartar da kuma kashe kuɗi ba izini. Sai da manyan ƙasa irin su Janar Gowon da Alhaji Shehu Shagari suka shiga tsakani.

Buhari ya ɗauki kishiyar hanya, ya ce zai yi aiki da duk wanda majalisa ta zaɓa. Ranar 9 ga Yunin 2015, yayin da yawancin sanatocin APC suka tafi wani zauren taro a Abuja suna jiran ganawa da shi, waɗanda suka rage a majalisa suka zaɓi Bukola Saraki, suka ba Ike Ekweremadu na PDP mataimaki. A Majalisar Wakilai Yakubu Dogara ya kayar da Femi Gbajabiamila da ƙuri'a 182 da 174. Jam'iyya mai rinjaye ta kasa ɗora waɗanda ta tsayar a shugabancin majalisu biyu a rana ɗaya saboda babu wanda ya tsaya ya ƙirga. Sakamakon ya bi shi shekara huɗu: kasafin 2017 sai 12 ga Yuni aka sa masa hannu, na 2018 sai 20 ga Yuni. Kasafin da ya fito tsakiyar shekara, ayyukan hanya da gine-gine da ke cikinsa damina ce take tarar da su.

Abin da ya fi nuna rauni shi ne maganar Ibrahim Magu. Shugaban ƙasa ya aika sunansa don shugabancin EFCC, Majalisar Dattawa ta ƙi shi sau biyu, a Disambar 2016 da Maris na 2017, kuma hujjarta rahoton hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ne, hukumar da take ƙarƙashin shugaban ƙasar da ya aiko da sunan. Wannan ba laifin majalisa ba ne. Gida ne bai daidaita ba. A 2019 fadar ta gyara kuskuren farko, Ahmad Lawan da Gbajabiamila suka hau, kasafin 2020 ya samu sa hannu tun 17 ga Disambar 2019. Sai kuma aka faɗa ɗaya ɓangaren, majalisa ta riƙa amincewa da buƙatun cin bashi ba tare da tsananta bincike ba.

Tsigewa tana sashe na 143. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar tarayya su sa hannu a takardar zargi. Cikin kwana 14 kowace majalisa ta amince da kashi biyu bisa uku cewa a bincika. Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai da ba 'yan siyasa ko ma'aikatan gwamnati ba, su kawo rahoto cikin wata uku. In sun wanke shi magana ta mutu. In sun same shi da laifi, sai kowace majalisa ta sake amincewa da kashi biyu bisa uku cikin kwana 14. Ba a taɓa kai wani shugaban ƙasa ko matakin kwamiti ba.

TAMBAYA: Mun zaɓi soja don ya kawo ƙarshen kashe-kashe. Yaya aka yi janar yana kan mulki aka sace yara a Ƙanƙara, a jiharsa? (Manomi, Ɗandume)

AMSA: Alhaji, wannan tambaya ce mai ciwo, kuma ka cancanci amsa ba kwana-kwana. A fara da abin da aka yi. Buhari ya mayar da cibiyar yaƙi da Boko Haram Maiduguri, aka ƙarfafa rundunar haɗin gwiwa da Nijar da Chadi da Kamaru, hare-haren bam a birane irin su Kano da Abuja da Kaduna suka ragu ƙwarai, aka karɓo 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016 da wasu 82 a Mayun 2017. Duk da haka an sace 'yan mata 110 a Dapchi a Fabrairun 2018, ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020 Buhari yana Daura, an kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari 28 ga Maris na 2022, an fasa gidan yarin Kuje a watan Yulin shekarar.

Dalili na farko, matsalar arewa maso yamma ba yaƙin fagen fama ba ce. Ɓarayin daji ba su da gari guda da za a ƙwace. Abin da ake buƙata shi ne 'yan sanda a ƙauye, bayanan sirri daga mutanen gari, kotun da za ta hukunta wanda aka kama, da toshe hanyar makamai, man fetur da kuɗin fansa. Soja yana shiga daji ya kore su, in ya janye babu mai riƙe wurin, su dawo su huce a kan waɗanda suke zargi da tona musu asiri. Shi ya sa ƙauye yake gwammace ya biya harajin noma ya yi shiru.

Na biyu, rashin bibiya. Hafsoshin tsaron da aka naɗa 13 ga Yulin 2015 ba a sauya su ba sai 26 ga Janairun 2021, duk da kiraye-kirayen majalisu biyu. Tsawaita wa'adin na sama yana toshe na ƙasa, jami'ai suna cika shekara 35 a aiki suna ritaya ba su samu damar jagoranci ba. A farkon 2020 kuma wata takarda ta fito inda mai ba da shawara kan tsaro, Babagana Monguno, yake ƙorafin cewa shugaban ma'aikatan fada, Abba Kyari, yana ba hafsoshi umarni kai tsaye. Buhari mutum ne mai ba da amana ya juya baya. A bariki wannan yana tafiya domin akwai tsarin da yake hukunta wanda ya gaza. A gwamnati shugaban ne da kansa tsarin.

Obasanjo nasa kuskuren na wuce gona da iri ne. Bayan kashe 'yan sanda 12 ya tura soja garin Odi na jihar Bayelsa a Nuwambar 1999 aka ragargaza shi, bayan kashe sojoji 19 aka yi irin haka a Zaki Biam ta jihar Binuwai a Oktoban 2001. A 2013 kotun tarayya ta umarci gwamnati ta biya mutanen Odi diyyar naira biliyan 37.6. A zamanin Buhari ma soja sun far wa 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, inda hukumar binciken da jihar Kaduna ta kafa ta tabbatar an binne mutum 347 a rami ɗaya. Abu ɗaya da ya kamata a yaba wa Obasanjo: cikin makonninsa na farko a 1999 ya yi wa jami'an soja 93 da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa ritaya. Wannan ya cire kwaɗayin mulki daga bariki, kuma sai wanda ya san gidan ne zai iya yinsa da wannan sauri.

TAMBAYA: Mu nan Nijar tazarcen Tandja ta ƙare da juyin mulki. Yaya aka yi ta Obasanjo ta mutu a majalisa ba a harba bindiga ba? (Ɗan kasuwa, Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa, lissafi ne ya kashe ta. Sashe na 9 ya ce gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 da wakilai 240, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Ke nan sanatoci 37 kacal sun isa su tare hanya. A 2006 an cusa ƙarin wa'adi cikin gyare-gyare fiye da ɗari, da fatan masu son wani gyaran za su haɗiye duka. Ken Nnamani ya bari aka watsa muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa mutanen mazaɓarsa suna kallo. Mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar yana adawa a fili. Ranar 16 ga Mayun 2006 ƙudurin ya faɗi gaba ɗaya, har da gyare-gyare masu amfani da ke cikinsa. Obasanjo ya sha musanta cewa ya nemi zango na uku, amma mutanensa ne suka yi ta fafutukar.

Tandja Mamadou, wanda shi kanal ne mai ritaya, ya san kundin 1999 na Nijar ya hana taɓa wa'adi, sai ya bi ta bayan gida. Ya rusa majalisa a Mayun 2009, ya rusa Kotun Tsarin Mulki a Yuni bayan ta ce masa a'a, ya yi ƙuri'ar raba gardama 4 ga Agusta a kan sabon kundi da ya ƙara masa shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 Salou Djibo ya kifar da shi. Shugaban Najeriya ba shi da ikon rusa majalisa ko kaɗan, kuma da ta ƙi, Obasanjo ya karɓa ya miƙa mulki a 2007, ko da yake zaɓen shekarar ya yi muni har wanda ya ci, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa cewa akwai kurakurai a ciki.

TAMBAYA: Da Buhari ya daɗe yana jinya a Landan, wa yake mulki a doka? (Ma'aikaciyar jinya, Gusau)

AMSA: Mataimakinsa. Sashe na 145 ya ce shugaba ya aika wa shugabannin majalisu biyu wasiƙa, daga nan mataimaki ya zama muƙaddashi da cikakken iko. In kwana 21 suka wuce ba wasiƙa, majalisa tana iya miƙa ikon da kanta. An ƙara wannan ne bayan rikicin rashin lafiyar 'Yar'aduwa. Buhari ya bi wannan ƙa'ida a 2017, daga 19 ga Janairu zuwa 10 ga Maris, da kuma 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta. Yemi Osinbajo ne ya sa hannu a kasafin 2017, shi ne kuma, da ya sake zama muƙaddashi, ya kori shugaban DSS Lawal Daura a Agustan 2018 bayan jami'an hukumar sun tare ƙofar majalisa.

TAMBAYA: Dukansu an ce masu tsantseni ne da kuɗi. To me ya sa ɗaya ya biya bashi, ɗaya ya tara, har muka kwana a layin banki a 2023? (Mai sana'ar POS, Zariya)

AMSA: Da farko a yi adalci, kasuwar mai ba ɗaya suka tarar ba. Obasanjo ya yi zangonsa na biyu farashi yana hawa, Buhari ya hau yana faɗuwa har ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ga fasa bututu a Neja Delta, ga annobar korona a 2020. Amma zaɓin da kowa ya yi nasa ne.

Dabarar Obasanjo da ministarsa ta kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ita ce a gina kasafi a kan farashin mai da bai kai na kasuwa ba, rarar a zuba a asusu na daban, wato asusun rarar mai. Da wannan ajiya aka je wa ƙasashen Ƙungiyar Paris, waɗanda suke bin Najeriya kimanin dala biliyan 30. A Oktoban 2005 aka yarje su yafe biliyan 18, Najeriya ta biya biliyan 12.4, aka kammala a Afrilun 2006. Aibin dabarar shi ne ba ta da gindi a doka. Sashe na 162 ya ce kuɗin shiga duka su faɗa asusun tarayya a raba wa matakan gwamnati uku, don haka gwamnoni suka yi ta neman a raba, gwamnatocin baya kuma suka yi ta ɗiba. Obasanjo kuma ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, har bayan Kotun Ƙoli ta ce a Disambar 2004 ba shi da wannan iko.

Buhari ya tilasta amfani da asusun bai-ɗaya a 2015, wanda ya kwashe kuɗin ma'aikatu daga bankunan kasuwa zuwa Babban Banki, kuma wannan gyara ne na gaske. Ya kammala layin dogon Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan da gadar Neja ta biyu. Inda aka ɓata shi ne rancen Babban Banki. A lokacin, sashe na 38 na dokar bankin ya yarda gwamnati ta karɓi rancen wucin gadi da bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata ba, ta kuma biya kafin shekara ta ƙare. Aka yi ta karɓa ba biya har ya kai naira tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 da ruwan kashi 9. Kuɗin da Babban Banki ya ƙirƙira ba tare da ƙarin kaya a kasuwa ba, a farashin kwanon masara yake fitowa. Haka a 2018 aka cire kusan dala miliyan 496 daga asusun rarar mai don sayen jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano kafin majalisa ta amince, alhali sashe na 80 ya hana fitar da ko kwabo ba da izininta ba. Jiragen sun zo a 2021 kuma sun yi aiki, amma an tsallake doka.

Layin da ka kwana a kai, Malam, maimaicin abin da aka yi ne a Afrilun 1984, lokacin da aka rufe iyakoki aka sauya launin naira cikin ƙasa da mako biyu. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1000, yana cewa daga naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Ministar kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa sanatoci ba a shawarce ta ba. Sababbin takardu sun fito 15 ga Disamba, wa'adi 31 ga Janairu, wato kwana 47 kacal, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An karɓe tsofaffi ba a buga sababbin da za su maye gurbinsu ba, kuɗin da ke hannun jama'a ya sauko ƙasa da tiriliyan ɗaya. Hanyoyin tura kuɗi ta waya suka cushe, kuma akwai ƙananan hukumomi da dama a Arewa da ko reshen banki ɗaya ba su da shi, ga kasuwannin hatsi da na dabbobi da tsabar kuɗi kawai suka sani.

Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka je Kotun Ƙoli, ta ba da umarnin wucin gadi 8 ga Fabrairu cewa kada a aiwatar da wa'adin. Ranar 16 ga wata Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa. Ranar 3 ga Maris na 2023 kotun ta yanke cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci kamar yadda dokar Babban Banki ta tanada ba, ta soki ƙin bin umarninta, ta ce dukkan tsofaffin takardun uku su ci gaba da aiki har 31 ga Disambar 2023. Sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya umarci bankuna su bi hukuncin.